Ablar da Ta Amsa "Gwaggo"

Kullum da safe, kafin rana ta gama hawa duwatsun Makka, Abla Fatsuma tana kujerar bayan tasi daga unguwar Ka'akiyya zuwa makarantar 'yan mata da ke unguwar Shisha. Abla, haka ake kiran malama a nan. Takan jingina kai da gilashi, ido a lumshe. Na taɓa tsokanarta da gyangyaɗi, ta ce ba barci ba ne, azuzuwa take gani a jere har bakin Arfa, kowanne da malama 'yar gidanmu a gaban allo.

Mu jikokin alhazan Hausawa da suka zauna a Makka mun tura 'ya'yanmu kanti da otal da asibiti, allo kam mun bar wa wasu. Ita kaɗai ce tamu a makarantar, ga shi bana za ta yi ritaya. Abin da ke hana ta sukuni ke nan: in ta tafi, wa yaranmu za su kalla su ce ni ma zan iya?

Har yau iyaye na ba da labarin Lujain, wata 'yar Hausawanmu, wadda tana 'yar aji ɗaya bakinta ya suɓuce ta kira Abla "Gwaggo". Aji ya kwashe da dariya, yarinya ta sunkuyar da kai. Abla ta juyo, ta ce da Hausa, "Na'am, 'yata." A ranar ne Lujain ta gane ashe malama ma kan fito daga irin gidansu.

Ke ce, Abla, mai miƙa wa yarinya alƙalamin allo, ki koma kujerar baya ki yi zamanki. Ke ce mai bin uba har gida: "Ya Abu Lujain, wallahi yarinyar nan malama ce, kada ka kai min ita kanti."

Lujain ta gama jami'a. Da aka kira ta koyarwa, ta zo gidan Abla.

"Abla, wallah ana khaifa, tsoron yaran nake ji."

"Ni ma har yau ina ji, habibti, 'yata," in ji Abla. "Shiga da tsoronki, za su ba ki wuri."

Mun gode, Abla, muna ƙaunarki, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma iyaye, duk ɗan da ya ce malanta yake so, ku ce masa bismillah. Lujain dai ta shiga aji ranar Lahadi, farkon makon karatu a nan. Ta yi sallama, yara suka amsa.