Labarin da Ya Rage a Bakin Inna Malama

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokan aikina biyu, dukkanmu malaman firamare. Za mu je gaida matar da ta rubuta littattafan da muka koyi karatun Hausa da su muna yara. Inna Malama ake ce mata. Mun ji idonta ya yi rauni sosai, kuma akwai labari ɗaya da take so a rubuta mata tun tana da sauran ƙarfi.

Kudan muka fara nufa, don can aka ce tana zaune. Hanya lafiya lau har muka sauka daga kwalta, daga nan mota ta shiga rawa tsakanin gonakin rake da tumatir. Wani mai shayi ya ce ai ta koma wurin 'yarta a Dandamisa tun bara. Da ya ji wurinta za mu, sai ya ƙara mana madara, wai ita ta koya masa rubuta sunansa.

A Makarfi muka tsaya sayen mazarƙwaila don tsaraba. Arha ta sa muka cika leda, amma kafin mu isa wani daga cikinmu ya rage mata nauyi.

A Dandamisa muka sami Inna Malama a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka durƙusa muka yi doguwar gaisuwa, aka kawo fura da nono mai kauri. Ta ce a Ikara ta fara koyarwa, aji cike da yara, ba littafin Hausa ko ɗaya. Sai ta riƙa ƙirƙiro labari tana rubutawa a littafin aiki, mijinta, tela ne, yana zana mata hotuna. Duk shafin da ta karanta yara suka fara mutsu-mutsu, yage shi take yi. Daga baya wata maɗaba'a a Zariya ta buga su. Tun rasuwar mijin ba ta sake fitar da littafi ba.

Na ɗauko biro, ta fara ba ni labarin wata yarinya mai kiwon agwagi da ruwa ya tafi mata da guda. Da na karanta mata abin da na rubuta, sai ta ɗaga hannu.

"Ɗana, wa ya ce 'ta shiga matsananciyar damuwa'?"

"Na ɗan gyara ne, Inna."

"Goge. Kuka ta yi. Yaro ya san kuka."

Sai bayan la'asar muka kai ƙarshe. Ta shafa takardun da tafin hannu shafi-shafi, ta miƙo mini, ta ce yanzu ta sauke nauyi.

Mun shigo Zariya ana kiran magariba, a gajiye. Tafiyar nan ta nuna mini shekara da shekaru ina yi wa yara magana da bakin manya. Ranar Litinin na karanta wa ajina labarin, na buga mata waya na ce sun ji daɗi, har da dariya.

"A ina suka yi dariya?" ta ce. "Faɗa mini daidai wurin."