Shiru da Mugun da Ya Rubuta

Shiru ake ce masa tun yana yaro, don yana da i'ina, kuma ya gano da wuri cewa in bai buɗe baki ba babu mai yi masa dariya. Mahaifinsa mai faci ne a bakin babbar tasha. Yana da 'yar rumfar langa-langa, da injin iska mai yawan tari, da bahon baƙin ruwa da ake tsoma tiyub a nemo huda. A gindin wannan baho Shiru ya tashi, shi da ƙanwarsa Auta. Shi yana ƙirƙiro labari yana raɗa mata a kunne, domin in raɗa yake yi harshensa ba ya sarƙewa, ita kuma tana zana abin da ya faɗa da gawayi a jikin kwali.

A nan ne kuma ya san tsoro. Akwai wani ƙaton ɗan kamasho a tashar, mai tabon da ya raba girarsa ta hagu, kullum yana tafe da tsohon bel ɗin inji naɗe a hannu. Wata rana ya ce mai faci ya kwashe komatsansa za a ajiye mota a wurin. Mahaifin Shiru ya ce a bari ya ƙarasa tayar da ke hannunsa. Sai mutumin ya ɗaga bahon nan ya juye masa a ka, sannan ya sunkuyo ya ce, "Ka gane, ko in ganar da kai?" Tsohon yana tsiyayar da baƙin ruwa ya ce ya gane. Yaran biyu suna tsaye suna kallo.

Shekaru suka tafi. Mai faci ya rasu. Ɗan kamasho ya yi ta hawa har ya zama shugaban tashar gaba ɗaya, aka daina kiran sunansa sai Ciyaman. Shiru ya samu aiki a shagon buga takardu, yana tsara katin gayyata da kalanda a kwamfuta, ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu. Auta ma ta yi aure, amma ba ta ajiye fensir ba. Duk ƙarshen mako sai ya je gidanta da labari a rubuce, ta baje takardu a tabarma, su yi ta gardama a kan yawan maganar da za ta shiga cikin 'yan da'irorin nan na saman kan mutane.

"Yaya, ka rage surutu," takan ce. "A baki ba ka magana, a takarda kuma sai ka cinye min fuskar mutum da zance."

Haka suka fitar da ɗan littafin labarin zane, na wata yarinya mai sayar da fitilu da ke neman ƙwato unguwarsu daga hannun wani mugu mai suna Ƙugiya. Shiru bai taɓa ce mata ga wanda yake nufi ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Ranar da ta miƙo masa zanen Ƙugiya na farko, ya ga tabo a girar hagu, ya ga bel naɗe a hannu. Ya kamata ya ce ta goge. Amma zanen ya yi kyau ƙwarai, kuma wa zai karanta? Littafin bai wuce 'yan makaranta da abokan shago ba. Sai ya ɗauki biro ya sa wa Ƙugiya waccan maganar a baki.

Ana nan sai wasu samari masu haɗa wasannin waya suka zo shagon, babbansu wani siriri da ake ce wa Injiniya. Sun ga littafin, suna so su mayar da shi gem. Suka ce shi zai rubuta maganganun.

Aikin ya ba shi wuya da farko. A littafi shi ne mai iko, in ya ce yarinya ta bi dama, dama za ta bi. A gem kuwa mai wasa ne ke zaɓa. Kowace tambaya sai ya rubuta mata amsa uku, kowace amsa da inda za ta kai mutum. Sai ya rubuta abin da mai shayi zai ce in ka dame shi da tambaya, da abin da Ƙugiya zai ce in ka gudu, da abin da zai ce in ya kama ka. Injiniya ya ce wannan ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci, don mutane za su faɗi sau da yawa kafin su ci, kuma duk faɗuwa sai sun ji ta. Suka samo wani mai kakkaurar murya ya naɗa musu ita.

Shiru bai taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Matarsa takan ji shi a ɗaki yana raɗa maganar mutum uku shi kaɗai, ta leƙo ta ce, "Abban yara, baƙin naka su ma a zubo musu abincin?"

Gem ɗin ya fita, kuma ya yi farin jinin da ba wanda ya zata. Ranar da Shiru ya fara jin abin a titi, yana kan hanyar shago ne. Wani mai babur ya ɗauki wayarsa tana ringin, kuma ringin ɗin muryar Ƙugiya ce: "Ka gane, ko in ganar da kai?" Shiru ya tsaya cak a tsakiyar hanya har mota ta yi masa hon. Bayan nan sai ya zamana ko'ina yana ji. Masu talla suna faɗa wa juna. 'Yarsa ƙarama ta faɗa wa yayarta a kan cokali. Sannan wani direba da ya zo buga rasit ya ba da labari yana dariya har da hawaye, wai a tasha yanzu in Ciyaman ya juya baya sai a ji wani ya kunna muryar daga cikin mota, kuma an fara ce masa Ƙugiya a ɓoye.

Daga ranar abinci ya daina wuce wa Shiru. Ya koma bin doguwar hanya don kada ya gifta tasha. In babur ya tsaya a ƙofar shago sai yatsunsa su sandare a kan kwamfuta. Ya je wa Injiniya yana i'ina ya ce a cire tabon, Injiniya ya dafa shi ya ce, "Haba malam, tabon nan ai shi ne kasuwar. Mutum nawa ne ke da tabo a duniya?" Ya je wa Auta, ita kuma ta ce, "In ya ga kansa a ciki, ai shi ya sani. Sunansa muka rubuta?"

Wata rana da hantsi wasu maza biyu suka zo shagon. Suka yi sallama da ladabi, suka gaida mai shagon, ɗaya har ya yaba kalandar da ke bango. Sannan ya juyo ya ce, "Kai ne mai rubutun ko? Ciyaman na gaishe ka. Ya ce mu taho tare." Mai shagon ya duƙar da kai kan injin yanka takarda kamar bai ji ba.

Suka sa shi a tsakiya a kan babur. Duk tsawon hanyar Shiru yana jin numfashin na baya a ƙeyarsa. Ya ga mai lemon da yake saya wa yara a wurinsa, ya so ya ɗaga masa hannu ko don a san an gan shi, hannun ya ƙi tashi.

Ofishin Ciyaman yana saman bene, tagarsa tana kallon tashar duka. Fanka tana juyawa tana ƙara. Maza suna zaune a benci jikin bango. Ciyaman ya tsufa, ya yi teɓa, ƙafarsa ɗaya a kumbure ya ɗora ta kan kujera. Amma girar tana nan yadda take. Waya tana kan tebur, fuskar Ƙugiya cike da gilashinta.

"Ɗan mai faci," ya ce. "Ka girma."

"Ran... ranka ya daɗe."

"An ce kai ka iya sa mutane magana. Jikana ne ya kawo min wannan, yana dariya. A makaranta ana ce masa jikan Ƙugiya." Ya tura wayar gaba da yatsa. "Faɗi abin da yake faɗa. Ina so in ji daga bakinka."

Shiru ya buɗe baki. "Ka... ka... ka..." Harshensa ya sarƙe. Gumi ya gangaro masa ta cikin riga. Wani a benci ya kwaikwaye shi, aka yi dariya, Ciyaman ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Bar shi. Wa ya zana?"

Wannan ita ce tambayar da Shiru ya fi tsoro tun a kan babur. Ya ga Auta a kan tabarma da takardunta, jaririnta yana barci a gefe.

"Ni... ni ne."

"Kai ne. To madalla." Ciyaman ya jawo farar takarda da biro ya ajiye. "Ga ni a zaune. Zana ni."

Shiru bai taɓa iya zana ko kofi ba. Ya ɗauki biron, ya danna har bakinsa ya huda takardar. Ya yi da'ira ta karkace. Ya ɗiga idanu biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. Mazan suka taso suka kewaye shi, yana jin warin taba da man inji. Da ya zo kan gira sai ya kasa, ya tsaya da biro a sama. Aka fashe da dariya, wani yana cewa wannan ai dankali ne. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar ya duba, ya ninke ta a hankali.

"Ka yi ƙoƙari," ya ce. "Ƙanwarka tana nan a gidan nan mai koren ƙofa? Bayan makarantar? An ce ta haihu. Ka yi mata barka."

Shiru ya dafa tebur. Abin mamaki, a lokacin ne maganar ta fito masa tar, ba sarƙewa. Ya ce za a canza fuskar, za a cire muryar, zai tsaya a kai da kansa. Ya ce wanda ya riga ya sauke gem ɗin sai ya sabunta kafin ya canza masa, wannan ba ya hannun kowa, amma sauran duk za a yi. Ya ce don Allah.

Ciyaman ya juya ya kalli taga. Sannan ya ce, "Ka ji da kyau ai. Ku bar shi ya tafi da ƙafarsa."

Bai koma shago ba. Kai tsaye ya wuce wurin Injiniya, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin aikinsu ya ce ba zai tashi ba sai an canza Ƙugiya. Da suka ga yadda rigarsa ta jiƙe sharkaf, kuma suka ji zancen koren ƙofa, ba wanda ya sake maganar kasuwa. Auta ce ta yi gardama. Ta yi kuka, ta ce an juye wa ubansu ruwa sun yi shiru, yanzu kuma ita da hannunta za ta goge? Ya durƙusa a gabanta, yayanta guda, ya ce, "Auta, ya san ƙofarki." Ta zana sabon Ƙugiya, mai fuskar ƙarfe wadda ba ta kama da kowa, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Mutane suka yi ta ƙorafi cewa an lalata gem, daga baya suka koma wani. Mijin Auta ya nemi canjin wurin aiki suka bar garin. Ta daɗe ba ta ɗaga wayar Shiru, sai da 'yarsa babba ta yi rashin lafiya sannan ta kira da kanta. Yanzu tana zanen littattafan 'yan firamare. Shi kuma yana nan a shagon, kuma su Injiniya ba su rabu da shi ba, don sun ce ba wanda ya kai shi iya sa mai shayi da mai gadi su yi magana kamar mutane. Amma duk mugun da ya rubuta tun daga nan, sai ya bi shi layi-layi yana tambayar matarsa, "Wannan bai yi miki kama da wani ba?"

An sauke Ciyaman daga baya, wasu suka hau. Shiru ya sake ganinsa a asibiti, a layin karɓar magani, ya rame, yana dogara sanda, ba kowa tare da shi. Bencin ya cika, tsohon ya tsaya a gabansa yana haki, bai ma gane shi ba. Shiru ya tashi ya ba shi wurin, tsohon ya ce Allah ya yi albarka. Shiru ya fita waje ya jingina da bango. Ya daɗe a nan yana kallon masu shiga da fita. Sai da ya hango tsohon ya karɓi maganinsa ya fice ta babbar ƙofa, sannan ya koma ciki ya kama layi daga ƙarshe.