Gishirin Sailuba a Rumfar Haya

Sailuba kakar kakarmu ce, 'yar garin Awe. A bakin tukunyar dafa gishiri ta girma, har hayaƙi ya fara cin idonta. Mijinta ya rasu 'yan shekaru bayan zuwan Turawa. Tana fita takaba ta ce ita da wannan hayaƙi har abada. Ta ɗora wa jakin aro gishirin da ta tara, sai garin Lafiya, gidan yayanta Babandi.

Babandi bai ɓoye mata ba. "Ƙanwata, kin ga gidan, bakuna sun yi yawa. Gwada kasuwa. In ta karɓe ki, ki zauna. In ta ƙi, Awe na nan."

A wancan zamani, da damina ta kankama masu rumfuna kan tafi gona, su ba da haya ga mai son gwada sa'arsa. Ta sami rumfar wani Na'Allah, ta wata biyu, da araha. Ta yi ta murna.

Abin da ba ta lissafa ba, a Awe gishirin damina bisa murhu ake rataye shi, ɗumi na tsaronsa. Kwana uku a rumfa, kwandunan gishirin suka fara zufa. Ta san maganin. Ta haɗa duwatsu uku, ta hura 'yar wuta. Sai ga Sarkin Kasuwa.

"Baiwar Allah, wuta a rumfar ciyawa? Kashe ta!"

"Ranka ya daɗe, garwashi ne kawai. Gishirina ke jan ruwa."

"Yi masa fifita. Garwashin mai ƙosai ne ya cinye mana layi guda bara."

Ta kashe. Ta gwada kwasarsa zuwa gida kullum, ruwan sama ya riƙa tare ta a hanya. Masu saye su damƙa, su ji danshi, su goge hannu a zane su wuce.

Dijatu mai daddawa, maƙwabciyarta, takan leƙo ta ce, "'Yar Awe, yau a mudu ake aunawa ko in kawo tulu?" Amma ita ce ta kawo mata toka da tsohuwar tabarma a shimfiɗa. Ba su hana komai ba. Sailuba na zaune, hannu a haɓa, tana kallon guminta na shekara biyu yana ɗiga ƙasa.

Ranar da Na'Allah ya dawo karɓar rumfarsa, ya tarar da awaki uku na lasar daɓe.

"Ashe kin yi masu ciniki," in ji shi. Da ya dubi fuskarta, sai ya juya ya kori awakin.

Babandi ya raka ta har bayan gari. Ta koma Awe, ta koma bakin tukunya. Kafin shekara goma idon ya tafi gaba ɗaya. Kakarmu ta ce ko bayan ta makance, da ta ji ƙamshin hadari sai ta miƙe tana lalube, tana tambaya, "An ɗaga gishiri?"