Baiti Tara Da Na Tsallake

Shekarar da Inna ta rasu ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin garin Gombe, ina haya a unguwar Kumbiya-Kumbiya da matata da 'yarmu guda. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, an ƙara mana albashi, duk malamin da ka gani ko ya sayi babur ko yana kan ciniki. Ni ma na sayi nawa, ja, ina hawansa kamar ni na ƙera shi. Na gama kwalejin horon malamai, ina karanta jaridar Turanci a gaban mutane, ina naɗe ta yadda kowa zai ga da wane harshe aka rubuta. In taƙaice maka, ina ji da kaina ƙwarai a shekarun nan.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu na unguwar Shamaki ana jin kunyar ɗan fari sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" yake ce mini, da na fara koyarwa sai ya koma "Malam", har ya bar duniya ban tabbatar ko girmamawa ce ko zolaya ba. In na je gaishe shi sai in durƙusa a bakin zaure, ya tambayi aiki in ce da godiya, ya tambayi iyali in ce lafiya, daga nan in wuce cikin gida wurin Inna, inda ake hira da dariya. Abin da yake so in ji, ita yake gaya wa. Abin da nake so ya sani, ita nake gaya wa. Da ta rasu sai ga mu, ni da shi, babu mai kai saƙo.

Baba maɗinkin hannu ne, aikin wuyan riga da hula. Dillalan auduga na garin nan in ciniki ya yi kyau wurinsa suke kawo yadi, su jira wata uku ba su yi ƙorafi ba. Bayan sadakar bakwai ya ɗauko wata babbar riga da ya yi rabin aikinta, ya yi ɗinkin yini guda, sannan ya ninke ta ya ajiye. Bai sake ɗaukar allura ba. Mai rigar ya yi ta zarya har ya gaji ya karɓi kayarsa. Baba kuwa yana zaune a zaure kan buzunsa daga hantsi zuwa magariba, ba ya kuka, ba ya ambaton ta, in an yi masa ta'aziyya ya amsa da addu'a ya yi shiru. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, ita ta dawo gidan tana yi masa girki. Wata rana ta tare ni a bakin madafi, muciya a hannunta.

"Ɗan nan, ubanka fa bin matarsa yake yi a hankali. Tuwon da na kai masa jiya kaji ne suka ci."

"To me zan ce masa, Goggo?"

"Ku da kuka yi boko ku ne ba ku san abin faɗa ba? Babur dai kuka iya."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Na kuma ji tsoro. Na rasa uwa a damina, ga shi ina kallon uba yana zamewa kafin kaka, kuma ban iya haɗa masa jimla uku ba.

A makarantarmu akwai wani malamin lissafi, Batangale daga kudancin Gombe, Kirista, mutum mai yawan raha, wanda muke raba gyaɗa da shi lokacin tara. Shi na yi wa ƙorafi. Washegari ya zo da wani siririn littafi mai koren bango ya ajiye a kan teburina. Tarin waƙoƙin Hausa ne da aka buga da boko ba da jimawa ba, na wani mawaƙi mai rai a lokacin.

"Hausa ba nonon uwata ba ce," in ji shi, "amma littafin nan ya sa ni share hawaye a bayan aji. Kai wa tsoho. In ku biyu ba za ku iya magana ba, ku bar wani ya yi muku."

Na karɓa don kada in kunyata shi. A wurina a lokacin, waƙar kirki ita ce wadda aka sa mu haddacewa a kwaleji da Turanci, kan furannin da ba mu taɓa gani ba. Waƙar Hausa kuwa na ɗauke ta kayan tsofaffi. A gida na buɗe ina taɓe baki. Akwai waƙar ruwan farko na damina, da ta kogi in ya janye da rani, da ta wata kuka a ƙauyen su mawaƙin, da ta tsufa. Ta ƙarshe, wadda ta fi duka tsawo, marsiyya ce da ya yi wa matarsa.

Ran Juma'a bayan la'asar na je Shamaki. Maimakon in wuce ciki sai na zauna a gefen tabarma, na ce na zo da wani abu ne in karanta masa. Na buɗe waƙar ruwan farko, na gyara murya, na fara zubawa tiryan-tiryan yadda nake karanta wa 'yan aji shida sanarwar hedimasta. Ban kai rabin shafi ba ya ɗaga hannu.

"Malam, wannan labaran rediyo ne ko waƙa?"

"Waƙa ce, Baba."

"To wa ya kashe ta?"

Ya ce in maimaita baitin farko. Na maimaita. Ya ce in sake, a hankali. Sai ya fara buga gwiwarsa da yatsa yana gunguni a maƙogwaro, ya gwada wannan murya ya bari, ya gwada waccan, har ya kama karin da ya zauna a kan kalmomin daram. Baba bai san ko harafin boko ɗaya ba, amma da waƙoƙin ajami ya tashi, akwai su da yawa a kansa. Ya ce, "Bi ni." Na bi shi da muryata mai kama da ƙyauren kwano. Abin mamaki, layukan da na karanta a gida ban ji komai ba, da aka rera su sai na ji ƙamshin ƙasa. Wannan ce rana ta farko da mahaifina ya koya mini wani abu baki da baki.

Da muka gama ya ce mutumin nan ya san ruwa, amma bai taɓa riƙe fartanya ba, don gero ba ya fitar da kai a lokacin da ya faɗa. Na yi dariya. Shi bai yi ba, amma Goggo ta ce ranar ya ci rabin tuwonsa.

Haka muka ɗora. Kowace Juma'a, daga baya har da Talata, waƙa guda. Shi ya nemo karin, ni in rera, shi ya yanke hukunci. Ya yaba ta kogin, ya ce ta kukar ta yi tsawo ba dalili, ta tsufa kuwa ya ce yaro ne ya rubuta, ya bari ya tsufa tukuna. Baba ya ɗan dawo daidai, amma ɗinki bai koma ba, kuma in na rufe littafin shirun nan yakan dawo ya zauna a tsakaninmu. Ni kuma ina kallon shafuka suna ƙarewa, marsiyyar tana matsowa.

Na karanta ta ni kaɗai sau da yawa. Farkonta godiya ce ga Allah da ambaton mutuwa, ƙarshenta addu'a, duk babu abin da zai sa mutum ya sunkuyar da kai. Tsakiyar ce matsalar. A nan mawaƙin ya sauka daga kan mumbari ya shiga ɗaki. Ya faɗi yadda take fifita masa kunu daga ƙwarya zuwa ƙwarya, da yadda take rufe baki in dariya ta ƙwace mata, da akwatin kayanta da ya kasa buɗewa saboda ƙamshinta, da gefen gadon da ya yi sanyi. Ya ce yana son ta, kuma bai taɓa gaya mata ba. Ta yaya ɗan fari zai zauna gaban ubansa ya rera masa wannan? Na ɗauki fensir na sa ɗigo a gefen baiti tara. Na ce a raina zan tsallake su, tsohon da bai iya boko ba ina zai sani.

Ranar na rera ta lafiya lau. Na zo wurin ɗigon farko na yi tsalle kamar mai ƙetare kwata, na dira a kan addu'o'i, muryata ko rawa ba ta yi ba. Har ina yaba wa kaina. Abin da na manta shi ne al'adar mawaƙanmu ta rufe waƙa da faɗin adadin baitocinta, don kada mai kwafa ya ƙara ko ya rage. Wannan mawaƙin, duk da zamanancinsa, bai bar al'adar ba. Da bakina na rera cewa baitocinta arba'in da ɗaya ne.

Sai a lokacin na lura da hannun Baba. Babban yatsansa yana kan gaɓar ɗan yatsa, inda ƙidaya ta tsaya. Mai aikin allura ba ya zama bai ƙirga wani abu ba.

"Talatin da biyu na samu," in ji shi. "Ko dai mawaƙin bai iya lissafi ba, ko malamin makaranta ya yi sata."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai wurin ba shi da wani muhimmanci.

"Mutum ya zauna ya auna maganarsa, ya ƙirga ta, ya ba ka amana. Mayar masa da kayansa."

Na koma ɗigon farko. Ban ɗaga kai daga takardar ba har na gama baiti taran nan, kuma karin da ya koya mini ne kawai ya riƙe muryata, don in da karatu ne na zube da na tsaya a hanya. Sautin tankaɗen Goggo da nake ji daga tsakar gida ya ɗauke. Da na kai ƙarshe na saci kallo, na ga Baba ya juya fuskarsa wajen bango.

"Shi kunu take fifita masa," ya ce, bai juyo ba. "Ni allura take zura mini."

Ban gane ba, kuma ban yi gigin tambaya ba. Shi ya ci gaba da kansa. Ya ce shekara huɗu ke nan idonsa ya daina ganin kafar allura. Zanen aikin yana gani, hannu kuma ya san hanyarsa, amma zura zare ya gagara. Maɗinkin da aka ji idonsa ya tafi, ba mai sake kawo masa yadi. Don haka kullum bayan sallar asuba Inna takan zauna a bakin ƙofarta inda haske yake, ta zura allurai goma ko fiye, ta soke su a jikin wata tsohuwar hula, ta kai zaure kafin kowa ya yi sallama. Ko Goggo ba ta sani ba.

"Ranar da aka kai ta akwai uku a hular," in ji shi. "Na ɗinke biyu."

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Bai hana ni ba. Duk watannin nan muna cewa baƙin ciki ne ya hana shi aiki, kuma baƙin cikin ne, amma akwai abin da yaro ɗan shekara bakwai zai iya yi masa a minti biyar, kunya ta hana shi roƙa, ni kuma girman kai da tawa kunyar suka hana ni lura.

Baba ya ƙara shekara bakwai a duniya, yana ɗinki har shekarar ƙarshe. Ban taɓa haɗuwa da mawaƙin nan ba, ban san ko ya san abin da baitocinsa suka yi a wani zaure a Shamaki ba, amma ina yi masa addu'a har yau. Abokina malamin lissafi da na mayar masa da littafin ya ga ɗige-ɗigen fensir, na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya turo mini littafin ya ce na gidanmu ne yanzu. Ina gode masa, ina gode wa Goggo da bakinta mai kaifi. Tun daga lokacin duk tarin waƙoƙin da ya fito nakan nema, kuma ban iya karanta su a zuci, sai na rera, jikokina suna ta dariyar muryar.

Washegarin ranar marsiyyar na fito da sassafe, na bi ta Shamaki kafin makaranta. Na tarar Baba ya ajiye hular da ƙunshin zare a bakin zaure, shi kuma yana can gefe yana jan carbi kamar bai san da zuwana ba. Na zauna na zura guda bakwai, da ƙyar, ina lasar bakin zare ina kuskure. Na miƙa masa. Ya zare ɗaya, ya ja zaren tsakanin yatsunsa har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Ya yi tsawo, Malam, zai harɗe. Ita kamu ɗaya take yi."

Na karɓa na rage su duka. Da na zo soke su a hular, hannuna ya kusa kai wa ga wata allura da ke can gefe ita kaɗai, da shuɗin zare a jikinta. Ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar wannan," ya ce.