Ranar da aka zo rubuta baƙi

Shekarun baya, ina tsugune ina wanke-wanke a gidan kawuna da ke Ƙofar Rini, sai na ji sallama a zaure, wata murya ta ce, "Baƙin gidan ga munka zo rubutawa." Kwano ya suɓuce daga hannuna.

Watana biyu ke nan a Sakkwato. Garinmu can cikin daji yake, inda ake haƙar zinari. Tun da aka gano shi baƙin fuskoki suka cika mu, masu bindiga suka biyo bayansu, 'yan gari suka fara zarewa gida-gida. Ina gama sakandare mahaifiyata ta sa ni a mota. A makon da aka zo rubutun kuwa ana ta raɗe-raɗin wai hukuma za ta mayar da kowa garinsu, birni ya cika. Ni dai na san ƙafata ba ta komawa.

Da matar kawu ta ce in sa hijabi in fito, na riga na shirya ƙaryata tsaf. Mai unguwa ne zaune a tabarma, tsoho, kawu na gefensa, ga wani ma'aikaci da ƙaton littafi. Na durƙusa na gaishe su.

Mai unguwa ya ce, "Ɗiyata, ina kinka hito?"

"Nan anka haihe ni, ranka shi daɗe."

"Nan ina?"

"Nan unguwar."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ikon Allah! Shekara talatin, babu ɗiyar da anka raɗa ma suna unguwag ga ban ci goron ba. Naki wa ya cinye min?"

Ni da wayona, ashe na zaɓi ƙaryar da ba ta ko ƙetare zaure. Kawu ya sunkuyar da kai. Na fashe da kuka, na faɗi sunan garinmu.

Ma'aikacin ya buɗe littafin ya juyo min shi. Garinmu shafukansa daban! Kukan ya tsaya da kansa. Ga sunan limaminmu. Ga matar da ke saida mana ƙosai a ƙofar makaranta. Ga malaminmu na lissafi, wai yana Kwalkwalawa yana noman albasa. Na manta a gaban manya nake, na ce, "To wa ya rage can?"

"Abin da muke son sani ke nan," in ji ma'aikacin. "Ko za ki lissafa muna?"

Na rufe ido na bi garin daga bakin kasuwa har rijiya, ina ƙirga gidajen da na baro ana hura wuta. Ban cika yatsun hannu biyu ba.

Har yau baƙuwar murya a zaure takan faɗar min da gaba. Kuma har yau ina mamakin ƙasar da ta iya riƙe zinari a cikinta, ta kasa riƙe mutanenta a bayanta. Wa ya karanta littafin nan daga baya, me aka yi da shi, ban sani ba.

A ranar dai tambaya ɗaya ta dame ni, sai da na tattaro ƙarfin hali na yi ta: "Mayar da mu za a yi?"

Mai unguwa ya ce, "A maishe ki wurin wa? Doka cewa ta yi kowane baƙo shi samu mai tsaya mishi." Ya juya ga kawu. "Alhaji, ka tsaya mata?"

"Na tsaya."

Kawu ya sa hannu, daidai ana kiran la'asar. Tsohon ya miƙe yana laluben takalmansa.

"Tashi ki shiga gida, ɗiyata. Babu mai taɓa ki."