Baƙin Allon Kawu Issufu

Ranar wata Laraba a damunar 1997, ina da shekara goma sha biyar, na zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, a ofishin ƙungiyar manoma ta Madarunfa, gumi na zubo mini kamar na yi wanka a tafki. Yayata Mariyama tana tsaye a kaina. Rahotonta na koyon aikin jinya, shafi goma sha biyu, dole ya isa Maraɗi a buge da na'ura kafin a tashi aiki, motar ƙarshe kuma tana tashi bayan azahar. Kawu Issufu, sakataren ofishin, ya tafi suna Safo ya bar mini makulli.

Manhaja biyu ce a na'urar. Akwai sabuwa mai farin shafi, wadda ko akuya za ta iya rubutu da ita. Akwai kuma tsohuwa, baƙin allo da koren rubutu, mai fuska kamar ɗan duwan, wato ɗan kwastan, a kan iyakar Ɗan Issa. Kawu ya haramta mana sabuwar. Kullum cewa yake, "Wanda ya fara da taushi, hannunsa ba ya ƙwari." Sati uku na hutu muka yi, ni da 'ya'yan maƙwabta, ba mu taɓa injin ba. Da safe mu yi noma a gonar hatsi, mu shayar da jaki, da hantsi mu zauna kan tabarma da kwalin da aka zana wa maɓallai, muna rera umarnin da baki kamar hadda: wannan da wannan, ajiye, wannan da wancan, fita. Wanda ya tsallake layi ya sha ranƙwashi. Ni kaina ya zama kamar buhun gujiya don ƙulli.

Awa huɗu na yi ina bugawa a tsohuwar da yatsa biyu. Da na kai layin ƙarshe sai direba ya aiko a ce saura mu. Na rufe ido na ɗauko haddar daga farko, ina sauri, na tsallake layi guda, na danna na gaba. Muguwar ba ta tambaye ni komai ba, ba ta ko yi tari ba. Allo ya koma baƙi ƙirin, shafi goma sha biyu sun bi iska. Mariyama ba ta buge ni ba, da ta buge ni da ya fi. Ta tattara takardunta na hannu ta ce, "Taso, ƙanena, ka rufe masa ofis." Sai da ta jira shekara guda kafin ta samu takardar shaidarta. Da Kawu ya dawo, ya ce laifin haddata ne, ya ƙara mini sati biyu a kan kwali.

Yanzu yara a Madarunfa suna rubutu a waya, in sun yi kuskure su maido shi da yatsa ɗaya. Har yau akwai masu ce wa sabon shiga ya fara da tsoffin manhajojin nan don ya ƙware. Duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa a'a tun kafin ya rufe baki, ko maƙiyina ba zan tura can ba. Kawu ya rasu bai yarda ba, kuma wani lokaci nakan so ya shigo mu sake wannan gardamar. Ya ƙaunace mu, amma shekarar da aka ci ta Mariyama ce.