Albasa ce, ba bomban ba

Ina tsakiyar soya albasa aka bubbuga mana ƙofa da gindin bindiga.

Burodi ya ɓace a gari, sai na yanka albasa siri-siri, na juya ta a fulawa da gishiri da shatta, wato barkono, don ta soyu ƙarau mu sha shayi da ita. Albasar kuwa mai zafin tsiya, idona jawur, hawaye har haɓa.

Askarawa biyu ne, suna bin gida-gida neman samarin da suka yi muzahara a kasuwa. Duk wanda suka gani da jan ido, sai su ce hayaƙin bomban, wato barkonon tsohuwa, ya shaƙa, su jefa shi mota.

Babban ya ƙura min ido. "Ya zol, kai saurayi, me ya sami idonka?"

Kun san bakina. Duk abin da na karanta kan azzalumai ya taru a harshena. Inna da ke tsaye a gefena ta taka min ƙafa.

"Albasa ce, ya waladi, ɗana," ta ce masa. "Shigo ka sunsuna, mu ga ko kai ma ka je muzahara."

Ya sunkuya kan kwanon ɗanyar, nan take ya fara murza ido. Ɗan'uwansa ya tuntsire da dariya, ya ɗebi soyayyar, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Suka wuce.

Wadda ke wuta ta ƙone ƙurmus. Na zauna ƙasa, na cinye ta haka. Alhamdu lillahi, yau a gida zan kwana.

Ku fa, wa ke tare ku idan bakinku ya tashi jawo muku?